Shin Kada Kifi Ne? Azumin Katolika a Ƙasar Gumbo

A watan Maris na 2010 wata gajeriyar wasiƙa ta fito daga ofishin Gregory Aymond, babban bishop na Katolika a birnin New Orleans da ke jihar Luwiziyana ta Amurka. Amsa ce ga wani mabiyinsa da ke cikin harkar kiwon kada, wanda ya rubuto yana tambaya ko ya halatta a ci naman kada ranar Juma'a a lokacin azumin kwana arba'in, ranar da aka hana 'yan Katolika taɓa nama. Bishop bai ja magana ba. Ya ce kada a dangin kifi ake lissafa shi, a ci, har ya ƙara da yabon wannan halitta da amfaninta ga jihar. Wasiƙar ba ta yi wani amo ba sai a 2013 da ta ɓulla a intanet, jaridu suka yi caa a kai, wasu na dariya, masu gidajen abinci kuwa abin nema ya samu.

Duk wanda ya taɓa ganin kada kwance a bakin ruwa yana shan hantsi ya san ba kifi ba ne. Ƙafafu huɗu gare shi, da huhu yake numfashi, a tudu macen ke tara ciyawa ta yi ƙwai. Naman jelarsa fari ne, idan aka yayyanka aka turbuɗa shi a garin masara aka soya, masu ci cewa suke yi da kaza ya fi kama. Bishop ya san wannan sarai. Hukunci aka tambaye shi, kuma a hukuncin cocinsa dabbobin tudu da tsuntsaye su ne nama, kifi da kwaɗi da masu jan ciki da masu ɓawo na cikin ruwa kuma suna ɗaya gefen. Haka majalisar bishop-bishop ta Amurka ta bayyana, saboda haka ta fuskar doka amsar ba ta da aibu. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da dokar ta koma a wannan yanki, inda abin da aka bar wa mai azumi ya fi abin da aka hana shi daɗi.

Azumin Katolika ba irin wanda Musulmi ya sani ba ne. Yana farawa ranar Larabar Toka, ya ƙare dab da Ista, kwana arba'in idan aka cire ranakun Lahadi. A kwana biyu kawai ake wajabta rage ci, wato Larabar Toka da Juma'ar da ake tunawa da gicciye: cikakken abinci sau ɗaya, sai 'yan loma sau biyu waɗanda ko an haɗa su ba za su kai cikakke ba. Ruwa ko shayi ba sa karya shi. Wannan yana kan ɗan shekara 18 zuwa 59. Sai kuma ƙaurace wa nama, wanda ke hawa kan mutum daga shekara 14, a Larabar Toka da Juma'o'i bakwai. Kwana takwas ke nan a shekara. Da can kowace Juma'a ta Allah haka ake yi, sai a 1966 Fafaroma Paul na shida ya sassauta, bishop-bishop na Amurka suka taƙaita wajibcin ga lokacin azumi.

Kudancin Luwiziyana kuwa ƙasar ruwa ce. Nan kogin Mississippi ke zubewa cikin teku, ga fadamu, ga rafuka masu tafiyar hawainiya, ga dajin ruwa na Atchafalaya wanda ya fi kowane irinsa girma a Amurka. Faransawa suka kafa New Orleans a 1718, shekara guda bayan haka jiragen bayi suka fara isowa, akasarinsu daga yankin Senegal da Gambiya, kuma an umarci matuƙan jiragen farko su zo da irin shinkafa da mutanen da suka iya nomanta. Dokar bayi ta 1724 ta wajabta a yi wa kowane bawa baftisma a cocin Katolika. Daga cakuɗuwar Faransawa da Sifaniyawa da 'yan Afirka da 'yan asalin ƙasar aka sami Kiriyol. Su kuwa Kajun jikokin Faransawan Akadiya ne, a gabashin Kanada ta yau, waɗanda Ingilishi suka kora daga gonakinsu a 1755. Bayan shekara goma suna gararamba suka fara sauka Luwiziyana, a 1785 kuma jirage bakwai suka kawo wasu kimanin 1,600 daga Faransa. Suka kutsa cikin fadamu da filayen yamma, inda ba mai so. Har yau jihar ba ta kiran ƙananan hukumominta 64 da sunan da sauran jihohi ke kira, sai da sunan gundumar coci.

Addinin ya shiga har cikin tukunya. Albasa da seleri da koren tattasai, waɗanda kusan kowace miya ke farawa da su, Triniti ake ce musu, da sunan aƙidar Kirista ta uku cikin ɗaya, tafarnuwa kuma Fafaroma. Gumbo, uwar miyar yankin, tana farawa ne da suyar fulawa a mai. Mai girki za ta tsaya kan tukunyar ƙarfe tana juyawa ba ƙaƙƙautawa, rabin awa ko fiye, fulawar ta tashi daga fari zuwa ruwan ƙasa zuwa kalar cakulan. Ko yaro ya faɗi a waje ba ta sakin muciya, don da ɗigo-ɗigon baƙi sun bayyana shi ke nan ta ƙone, sai a zubar a sake. Daga nan a zuba Triniti, a tsaida ruwa, a kaɗa da kuɓewar da ta zo daga Afirka ko da garin ganyen sasafiras da aka koya a wurin ƙabilar Choctaw, a zuba a kan shinkafa. Abin da ke ciki ya danganta da rana. Ranar Lahadi kaza da naman alade da aka cusa a hanji aka banda da hayaƙi. Ranar Juma'ar azumi ƙaguwa da kawa da jatan lande.

Kafin azumi ya kama sai an yi bankwana da maiƙo. Tun daga 6 ga Janairu ake cin wani zagayayyen kek mai launin shunayya da kore da ruwan zinare, da ɗan mutum-mutumin jariri a ɓoye ciki, wanda ya ci karo da shi shi zai sayo na gaba. A ƙauyuka ana yanka alade a taru a sarrafa shi tun daga kai har ƙafa. Ranar Talatar ƙarshe, wato Mardi Gras, duniya ta san faretin New Orleans, amma abin da ake yi a garuruwan Kajun irin su Mamou da Eunice ya fi nuna asalin lamarin. Maza kan sa tsummokara masu geza da dogayen huluna masu tsini, su rufe fuska, su hau dawakai suna bi gida-gida a ƙarƙashin wani kyaftin da shi kaɗai ba ya rufe fuska. Shi zai fara isa ƙofar gida ya nemi izini. Idan maigida ya yarda sai ya kaɗa tuta, mahaya su kwararo suna waƙa da rawa da shaƙiyanci suna roƙon abin miya. Wanda ya san tashe zai gane tsarin nan take. Wani gida a ba da shinkafa, wani albasa, wani kuma ya jefa kaza mai rai sama, ƙarti su bi ta cikin taɓo suna faɗuwa. Da yamma a haɗa duka a dafa gumbo guda ta gari. A New Orleans kuma da ƙarfe goma sha biyun dare 'yan sanda kan jera dawakai su share titin Bourbon, alamar shagali ya ƙare. Da safe mutanen da suka kwana rawa su ne a layin coci ana shafa musu toka a goshi.

Kwana biyu bayan tokar Juma'ar farko ke zuwa, kuma a daidai wannan lokaci kakar jatan landen fadama ke kankama. Wannan ɗan halitta mai hannuwa irin na ƙaguwa a gonakin shinkafa ake kiwonsa: bayan girbi a sake wa gona ruwa, ya fito daga raminsa ya ci karan da aka bari, a kafa masa tarkon waya. Daga Maris zuwa Mayu ya fi yawa ya fi ƙiba, kuma kusan duk wanda ake kiwo a Amurka daga Luwiziyana yake fitowa. Maigida kan sayo buhu mai kimanin kilo 15, duk da ransu suna motsi, a zazzage a baho a wanke har ruwan ya yi fari. A tsakar gida an ɗora ƙatuwar tukunya a kan murhun gas mai ƙugi. An zuba gishiri da jan barkono ba da cokali ba, an yanka lemun tsami da albasa gida biyu, an jefa tafarnuwa dunƙule-dunƙule, ga kuma haɗin yaji na kamfanin Zatarain's da ke sana'a tun 1889. Dankalin Turawa ke fara shiga, sai masara, sai su. 'Yan mintoci kaɗan suke tafasa, a kashe wuta a bar su su jiƙa, don a nan yajin ke ratsa su. Daga nan a juye a kan dogon tebur da aka shimfiɗa wa tsofaffin jaridu, jama'a su kewaye a tsaye, a murɗe kai a tsotse romonsa, a matse jela a zare tsoka. Kilo biyu ga mutum ɗaya ba abin mamaki ba ne. Ga giya mai sanyi, ga kiɗa. Abin da ya bambanta wannan tebur da na ranar Asabar abu ɗaya ne tak: ba a jefa naman alade a tukunyar ba. Kuma a duk shekara, ƙarshen makon Ista, da Juma'ar gicciye a cikinsa, shi ne lokacin da aka fi sayen jatan lande.

To, wannan ƙaurace wa daɗi ne ko kuwa neman daɗi ta ƙofar baya?

Tambayar ta girmi Luwiziyana nesa ba kusa ba. Thomas Aquinas, malamin tauhidin Katolika da ya rasu a 1274, ya kawo dalilin hana nama: dabbobin da ke zaune a tudu suna shaƙar iska sun fi kama da jikin ɗan Adam, sun fi daɗi, sun fi gina jiki, don haka sun fi tada sha'awa. A zamaninsa har ƙwai da madara ana hanawa a azumin. Amma bai ɓoye raunin hujjar ba. Ya yarda cewa akwai waɗanda kifi ya fi musu nama daɗi, sai dai ya ce coci tana kafa doka ne a kan abin da ya fi yawan faruwa. A ƙauyukan Turai da ke nesa da teku kuwa, kifin azumi busasshe ne ko gishirtacce, a jiƙa shi kwana da kwanaki kafin ya tauno. Can doka da wahala tafiyarsu ɗaya. Da aka ɗauko dokar aka dasa a bakin Mississippi sai suka raba hanya.

Tun kafin Aquinas ma an yi wannan tsegumi. Wajen 1125 Bernard na Clairvaux ya yi wa 'yan zuhudun Cluny wankin babban bargo, yana cewa sun bar nama amma ana jera musu manyan kifaye akushi bayan akushi, masu girki kuma sun ƙware wajen juya ƙwai iri-iri har mutum ya ƙoshi bai sani ba. Marubucin Faransa Montaigne ya faɗi nasa ba kunya, ya ce shi da yake masoyin kifi ne ranakun azumi su ne ranakun bukinsa. A 1522 a birnin Zurich wasu mutane suka taru a gidan wani mai ɗab'i suka ci naman da aka banda ana tsakiyar azumi, da gangan. Limaminsu Zwingli yana wurin, bai ci ba, amma ya hau mumbari ya kare su, ya ce Littafi bai ɗora wa kowa wannan doka ba. Daga wannan ɗan yankan nama gyaran addini na Furotesta ya kunno kai a Suwizalan. Ɓurɓushin rigimar na nan a Luwiziyana kanta, domin arewacin jihar ƙasar 'yan Baftis ce, inda Juma'ar azumi ba ta da bambanci da Talata.

Waɗanda suka zauna cikin Katolika kuwa sai suka koma tambayar malamai dabba bayan dabba. A ƙarni na 17 bishop na Kwibek, François de Laval, ya aika wa malaman Sorbonne tambaya game da biba, dabbar nan mai gashi da faffaɗar jela da ke datse rafi, aka amsa masa cewa tunda a ruwa take rayuwa a ci. A Benezuwela kafibara, wadda ta fi kowane dangin ɓera girma a duniya, ita ce naman makon Ista. A kudancin birnin Detroit jikokin Faransawa suna da tsohon izinin cin wani ɓeran fadama. Kajun ma sun daɗe suna sa kazar ruwa a gumbon Juma'a, bisa hujjar cewa ruwa ne gidanta. Kadan 2010 na ƙarshe ne kawai a dogon layi.

Ɗalibin fiƙihu ba zai yi saurin dariya ba, don shi ma an karantar da shi wannan babi. Suratul Ma'ida ta halatta farautar ruwa da abincinsa, sai malamai suka tsaya a kan mene ne na ruwa. Malikawa suka faɗaɗa ƙwarai: a Mukhtasar na Khalil dabbar ruwa tsarkakakkiya ce ko da mushe ce, ko da tana daɗewa a tudu, masu sharhi kuma suka ba da misali da kada da kwaɗo da kififiya. Shafi'awa da Hambalawa suka cire kada da kwaɗo. Hanafawa suka ce kifi kawai, shi ya sa malamansu a Indiya da Pakistan suka daɗe suna jayayya a kan ko jatan lande kifi ne. A shari'ar Yahudawa sai abin da ke da ƙaya ta iyo da ɓawon jiki irin na kifi, don haka kada da jatan lande da tarwaɗa duk sun fita. Kiristocin Otodoks na gabas kuma a babban azuminsu sukan bar kifi mai ƙashin baya su ci masu ɓawo. Fadama ɗaya ce, halittu ɗaya, amma kowane gida da inda ya ja layinsa. Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne, tambayar Musulmi da Bayahude ta halal da haram ce a kowace rana, ta ɗan Katolika kuwa ta kalanda ce: abin da ya bari ranar Juma'a halal ne gare shi ranar Asabar, don horon kai kawai ya bar shi. Shi ya sa zargin ya fi yi masa nauyi, tunda idan horon ya tafi ba sauran dalilin da ya rage.

Duk da haka akwai hujja mai ƙarfi a gefen bishop. Doka ba ta iya auna daɗi. Da za a ce kowa ya bar abin da ya fi so, da babu mai sanin ko an bi ko ba a bi ba, har shi mai yin, domin zuciya gwanar yi wa kanta rangwame ce. Nama kuwa ana ganinsa. Yaro ɗan shekara 14 ya san abin da ake nema a gare shi, mai gidan abinci ya san abin da zai rubuta a allo, makaranta ta san abin da za ta dafa. Wannan ne ya mai da azumin na gari gaba ɗaya maimakon sirrin mutum ɗaya. Da yammacin kowace Juma'a a harabar coci-coci ana soya tarwaɗa a zuba a 'yan kwalaye da salatin dankali, motoci su yi layi, kuɗin ya tafi makarantar coci ko asusun mabukata. Mutumin da rabonsa da coci tun Kirsimeti, idan ya miƙa hannu zai ɗauki naman kaza ya tuna yau Juma'a ya janye, wani abu ya faru a ransa ko da ƙaguwa ce za ta maye gurbin. Ya bi umarnin da ba shi ya tsara ba, a ranar da ba shi ya zaɓa ba, kuma a addini wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai masu suka ma ba su yi ƙarya ba, kuma tarihin jatan landen kansa shaidarsu ne. Kafin tsakiyar ƙarni na 20 abincin talaka ne, ana kamo shi kyauta a kwatami da fadama, har gori ake yi wa Kajun da cinsa. A gidajen manoma abincin azumi shi ne miyar dankali, ko miyar fulawa da aka fasa wa ƙwai, ko garin masara da aka turara a kasko a ci da madara. Lokacin nan wanda ya bar nama ya koma wa abin da ya fi arha ne. A 1959 majalisar jiha ta naɗa garin Breaux Bridge babban birnin jatan lande na duniya, a 1983 aka mai da shi ɗaya daga cikin tamburan jihar, a shekarar da kada ma ya sami irin wannan matsayi. Masu girki na talabijin suka tallata abincin Kajun ga duniya, abin gori ya zama abin alfahari, farashi ya bi sama. Bayan farin 2023 da ya busar da gonaki, wanda cibiyar nazarin noma ta jami'ar jihar ta ƙiyasta asararsa a kusan dala miliyan 140, sai da gwamna Jeff Landry ya ayyana dokar bala'i a kan sana'ar a watan Maris na 2024. A wancan azumin buhu guda ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Wanda ya iya saye don ya cika umarnin barin nama ya kashe ninkin abin da zai kashe a kan kaza. Majalisar bishop-bishop ɗin da ta halatta masu ɓawo ita ce kuma ta ja kunnen mabiya cewa wanda ya je ya buɗe ciki a teburin alfarma na kayan ruwa ya kauce wa manufar.

Mafi ban sha'awa shi ne yadda mutanen yankin da kansu suke gyara wa dokar zama ba tare da sun jira malami ba. Akwai gumbon ganye, wadda asalinta ta azumi ce, babu nama. Masana tarihin abinci suna danganta ta da miyar ganye ta Afirka ta Yamma da ta tsibiran Karibiyan, wasu kuma da miyar ganyen da Jamusawan da suka zauna a gefen kogin ke yi a makon Ista. Ana haɗa alayyahu da kabeji da latas da ganyen karas da na mustad da duk abin da lambu ya bayar, amma adadin sai ya zama mara, bakwai ko tara ko sha ɗaya, kuma ana cewa kowane ganye sabon aboki ne da mutum zai yi a shekarar. Leah Chase, sarauniyar girkin Kiriyol, wadda a saman benen gidan abincinta na Dooky Chase's 'yan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata suka riƙa ganawa a shekarun 1960, ta mai da wannan miya bukin shekara-shekara na ranar Alhamis ta makon Ista. Ita ce matar da ta tsawata wa Barack Obama a 2008 don ya kai hannu zai zuba yaji a gumbonta tun bai ɗanɗana ba. Tata gumbon ganyen cike take da nama iri-iri, kuma ba ta ɓoye dalili ba: a ci a ƙoshi ranar Alhamis domin gobe azumi ne na gaske. Ambaliyar guguwar Katrina ta 2005 ta cinye gidan, ta sake buɗe shi a 2007, ta ci gaba da tsayawa a kan tukunya har kusan rasuwarta a 2019 tana da shekara 96. A lissafinta Juma'ar gicciye ranar yunwa ce, abin da teburin jatan lande ya manta.

Su kuma jikokin mutanen Sisili da suka cika New Orleans a ƙarshen ƙarni na 19 sun bi ta wata hanyar. Ranar 19 ga Maris, ranar Yusufu mai tsarki, sukan gina teburi mai hawa uku a gida ko a coci su cika shi da burodi mai siffofi da kifi da kayan lambu da alewar ɓaure, don cika alwashin da aka ce kakanninsu sun ɗauka lokacin wani fari. Taliyar da ake ci a ranar garin burodi ake barbaɗa mata, don tunawa da ɗusar katakon Yusufu kafinta. Ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya zo, abin da ya rage kuma na mabukata ne. A dokar coci idan babban idi irin wannan ya faɗo ranar Juma'a, kamar yadda ya faru a 2021, hanin cin nama ya faɗi. Amma ba a sa nama a teburin. Wato a inda doka ta ɗaure an sami masu kewaya ta da tukunyar yaji, a inda ta sake kuma an sami masu ɗaure kansu, kuma sau da yawa mutanen ɗaya ne.

Akwai kuma batun aljihu, wanda ba a cika son ambatonsa a mumbari ba. Ingila ta Sarauniya Elizabeth ta farko ta rabu da Fafaroma amma ba ta rabu da ranakun kifi ba. A 1563 ma ƙara Laraba aka yi a kansu da dokar majalisa, aka kuma faɗa ƙarara cewa don masunta da jiragen ruwa aka yi, ba don ceton rai ba. A Luwiziyana azumin wani shi ne kakar wani. Manomin shinkafa da ke tashi da asuba yana zazzage tarkuna, matan da ke ɓare jela a masana'anta, mai kamun kawa, duk da Juma'o'in nan bakwai suke lissafi. Shi kansa kada kasuwa ce ta taimaka aka cece shi. An hana farautarsa a jihar a 1962 bayan ya kusa ƙarewa, aka dawo da ita da ƙa'ida a 1972, daga baya aka ba masu kiwo damar kwaso ƙwai a fadama su ƙyanƙyashe su mayar da wani kaso. Masu filaye suka ga fadama na kawo kuɗi suka daina busar da ita, yanzu kadojin daji sun haura miliyan biyu. Mutumin da ya rubuta wa bishop wasiƙa yana da addini, yana kuma da haja.

Hanyar toshe ƙofar ba ɓoyayya ba ce, an ma gwada ta a wani wuri. A 2011 bishop-bishop na Ingila da Wales suka dawo da barin nama a kowace Juma'a ta shekara, suka kuma yi tanadi ga wanda dama can ba ya cin nama: ya bar wani abincin da ya saba ci a kai a kai. Wannan ya koma ga ainihin dalilin Aquinas, ya bar zancen ƙafa huɗu ko ƙayar iyo. Da za a kawo irin wannan sharaɗi Breaux Bridge a watan Afrilu, abin da zai fita daga teburin Juma'a shi ne jatan lande, kuma waɗanda za su riga kowa isa ƙofar bishop da ƙorafi su ne manoman da ke zama a sahun gaba ranar Lahadi.